Daga Ido Zuwa Kunne: Tarihin Binciken Matsalar Karatu

A shekarar 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, wanda karatu ya gagara. Likitocin zamanin suka kira matsalar makantar kalma, domin a ganinsu ƙwaƙwalwa ce ke kasa riƙe siffar rubutu. Daga baya bincike ya karkata ga sauti. A 1983 Bradley da Bryant na Jami'ar Oxford suka nuna cewa yaran da ba su iya rarrabe sautukan kalma sukan sha wuyar karatu, kuma horo yana taimakonsu. Saboda haka, mu masu horar da malamai, wajibinmu ne mu gargaɗe su: kada su kira yaro daƙiƙi kafin su gwada shi kan sauti.