Tarihin Gyaran Kunnen Jarirai Ba Tare da Tiyata Ba

Gyaran kunnen da aka haifa a lanƙwashe ko a baje ya daɗe a hannun likitocin tiyata. A 1845 Johann Dieffenbach na Jamus ya bayyana yadda ake yanka fatar bayan kunne a ɗinke shi kusa da kai, a 1881 kuma Edward Ely ya yi irin aikin a Amurka, har da rage guringuntsi. Sai dai ba a sa wa kunnen jariri wuƙa. Akan jira yaro ya kai shekara biyar ko shida, sa'ad da kunne ya kusa gama girma, kafin nan kuwa ya sha tsokanar abokan wasa.

Daga Japan sauyi ya zo. A 1984 Kiyoshi Matsuo da abokan aikinsa suka ba da rahoton jariran da suka gyara wa kunne da kayan aiki masu araha: ɗan abu mai laushi irin na likitocin haƙori, a murza shi kamar tsinke, a kwantar a cikin lanƙwasar kunne, a manne da filasta. Bayan 'yan makonni a cire, kunne ya tsaya daidai.

Sirrin abin yana ga lokaci. Jariri kan fito da ragowar sinadarin isturojin na mahaifiyarsa a jini, wanda ake ganin shi ke sa guringuntsi laushi kamar ɗanyen yumɓu. Sinadarin na raguwa kullum, zuwa mako shida kunne ya fara tauri. Wato ƙofar a buɗe take kafin ranar suna, tana kuma rufewa wajen kwana arba'in. Wasu kunnuwan kan miƙe da kansu a makon farko, shi ya sa aka daɗe ana ce wa iyaye su jira, shawarar da ta sa yara da yawa suka rasa damarsu.

A shekarun 1990 David Gault na Landan ya fito da Ear Buddies, waya mai laushi da iyaye ke iya sakawa a gida. A 2010 Steve Byrd na Dalas ya bayyana sakamakon EarWell, wani ƙoƙon silikon da ke rufe kunne gaba ɗaya. Dukkansu siffa suke gyarawa. Kunnen da aka haifa da ƙarancin guringuntsi har yau sai tiyata.