Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Zama Bishop

Ya ku 'yan makaranta, sau da yawa in an koya mana zancen bangaskiya mu kan ɗauka abu ne na cikin zuciya kaɗai. To, ga labarin wani mutumin ƙasarmu wanda ya nuna ta a aikace.

An haifi Ajayi a Oshogun, cikin ƙasar Yarbawa, wajen shekarar 1809. A 1821 mahara suka fāɗa wa garinsu, suka kama shi, aka raba shi da uwarsa. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har aka taɓa musayarsa da doki, daga bisani ya shiga hannun Turawan Fotugal a Ikko. A 1822 jiragen yaƙin Ingilishi suka tare jirgin da a ke ɗauke da shi, aka sauke shi a Firitawun ta ƙasar Saliyo, ɗa ba bawa ba.

A nan ne ya koyi karatu. A 1825 aka yi masa baftisma, ya karɓi sunan Samuel Crowther, kana a 1827 ya zama ɗalibi na fari a kwalejin Fura Be. Ku lura, bai ce baftisma ta ishe shi ba. Ya koyi Ingilishi da Helenanci, ya koyar da yara, domin ya gane cewa bangaskiya kamar shuka ta ke, in ba a yi mata noma ba ciyawa ta kan cinye ta.

A 1841 ya hau kogin Kwara tare da wani Bajamushe, Schön, wanda ya rubuta nahawun Hausa daga baya. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar, sai shugabannin mishan suka gane aikin nan sai da 'yan ƙasa. A 1843 aka naɗa shi firist a Ingila. A 1846, a Abekuta, ya sadu da uwarsa bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. A 1857 ya kafa mishan a Anacha, jirginsu kuma ya fashe kusa da Jebba. Maimakon zaman banza, sai ya duƙufa kan koyon Nufanci. Ya riƙa zuwa wurin Masaba, sarkin Bida, da ladabi, ya na muhawara da malamai ba tare da zagi ba. Shi ne kuma ya shugabanci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a Kantabari, baƙar fata na fari a ikilisiyar Ingila.

Amma gwaji mafi zafi ya zo masa da tsufa. Wajen 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka soki aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa 'yan Afirka, suka ƙasƙantar da shi a gaban taro. Wulakancin baƙo da sauƙi, na ɗan'uwa shi ke kai ga ƙashi. Duk da haka bai bar ikilisiya ba, bai kuwa rama da baƙar magana ba. Ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891, aka ba Bature kujerarsa.

Me za mu koya? Na fari, masifa ba ta yanke ƙaunar Allah. Na biyu, girma sai da naci a kan ilmi. Na uku kuwa, hidima ba domin yabon mutane a ke yinta ba, gama mai ba da kujera ya na iya karɓe ta. Wanda ya ke jiran godiya kafin ya share ɗakin sujada ko ya koya wa ƙaninsa karatu, bai fahimci labarin nan ba tukuna. Allah ya ba mu haƙuri irin nasa, amin.