Faffaɗar taya a motar da ƙafafunta na baya ke juyawa

Masu motoci da dama kan sauya tayoyin da mota ta zo da su daga kamfani, su saka waɗanda suka fi faɗi, ko dai don ado ko kuma don motar ta ƙara kama titi.

A yawancin motoci, ƙafafun gaba ne kawai ke juyawa idan an murza sitiyari, saboda haka a gaba ake fargabar taya za ta gogi jikin mota. Sai dai akwai motocin da ƙafafunsu na baya ma suna juyawa, kuma a irinsu lissafin ya sha bamban.

Asalin fasahar

Kamfanonin Japan ne suka fara yayata wannan fasaha. Nissan ya saka tsarinsa mai suna HICAS a motar Skyline a shekarar 1985, sannan Honda ya biyo baya da Prelude a 1987.

Daga bisani kasuwarta ta ja baya saboda tsada, har sai da kamfanonin Turai suka farfaɗo da ita: Renault da BMW a 2008, sai Porsche a motar 911 GT3 a 2013.

Idan mota na tafiya a hankali, ƙafafun baya kan karkata zuwa ɓangaren da ya saɓa wa na gaba, ta yadda doguwar mota za ta iya yin kwana a ƙuntataccen wuri. Idan kuma ta ɗauki gudu, sai su bi ɓangaren da na gaba suka nufa, domin kada bayan motar ya yi wutsiya a lokacin sauya hannu.

Ina matsalar take?

Matsalar ita ce fili. Tayar da ke juyawa tana buƙatar sarari a cikin ramin da take zaune fiye da wadda ke tsaye cak.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne Mercedes-Benz S-Class da aka ƙaddamar a 2020. Kamfanin ya fito da ita da zaɓi biyu: ƙafafun baya masu juyawa da digiri 4.5, da kuma masu kaiwa digiri 10, waɗanda ke rage faɗin da'irar da motar ke buƙata wajen juyawa da kusan mita 2.

Amma wanda ya zaɓi digiri 10 an haɗa masa shi ne da taya mai lamba 255/40 R20 a duka ƙafafu huɗu. Mai son tayoyin baya su fi na gaba faɗi kuwa, digiri 4.5 aka tanadar masa.

Dalilin yana cikin lambar. 255 na nufin faɗin tayar a milimita, 40 na nufin tsayin gefenta kashi 40 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 102, sai 20 da ke nuna girman ƙarfen da ake ɗora ta a kai a ma'aunin inci. Idan aka haɗa, tsayin tayar baki ɗaya ya kai milimita 712.

Tayar da ke da wannan tsayi, idan ta karkata da digiri 10, bakinta na gaba da na baya kan gusa gefe da kusan santimita 6. A digiri 4.5 kuwa, gushewar ba ta kai santimita 3 ba.

To idan aka maye gurbinta da mai faɗin 285 ba tare da sauya mazaunin ƙarfen ba, an ƙara santimita ɗaya da rabi ta ciki da kuma ta waje. Wannan a ido ba wani abu ba ne, amma ya isa ya cinye ɗan sararin da injiniyoyi suka bari tsakanin taya da jikin mota.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba a ganin gogar idan mota na tsaye a gareji. Sai an ɗauki kaya, an faɗa rami ana cikin kwana, sannan taya ta taɓa. Gefen taya kuwa shi ne wurin da ya fi rauni a jikinta, kuma idan ya yanke ba ya karɓar faci.

Kwamfutar mota

Akwai kuma batun tsayi. Wanda ya saka 285/40 a madadin 255/40 ya ƙara wa tayar tsayi da milimita 24, fiye da kashi 3 cikin 100.

Kwamfutar motar tana auna gudu ne da yawan zagayen da ƙafafu ke yi, kuma gudun na cikin abubuwan da take dubawa kafin ta yanke inda za ta karkata ƙafafun baya. Birkin ABS da na'urar hana santsi su ma da wannan awo suke aiki. Shi ya sa ake rage lamba ta biyu idan an ƙara faɗi: 285/35 R20 tana da tsayin kusan milimita 708, dab da ta asali.

Abin da ake dubawa

Girman tayoyin da kamfani ya amince da su yana rubuce a littafin mota, da kuma takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. A Jamus, duk girman da ba ya cikin takardun mota sai an sami izini ko an kai ta wurin masu binciken lafiyar motoci kafin a hau titi da ita.

Bayan an sauya taya ko ƙarfenta, saitin ƙafa a irin waɗannan motoci na buƙatar a fara tabbatar da cewa na'urar juya ƙafafun baya tana tsakiya daidai, kuma galibi da kwamfutar bincike ake yin hakan.