Waiwaye a Kan Koyar da Ilmin Halittu a Makarantun Yola da Jimeta

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ilmin halittu, wato bayoloji, ya shiga makarantun Yola da Jimeta, musamman sassansa uku da suka fi ba malamai wuya: dangantakar halittu da muhallinsu, sauyawar halittu a tsawon zamani, da kuma tsara gwaji.

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Turawan Ingila kuma suka ci ta da yaƙi a 1901, Jimeta ta bunƙasa a bakin Kogin Binuwai a matsayin mazaunin ’yan kasuwa da ma’aikatan gwamnati. Makarantar lardi da aka buɗe a 1920, wadda daga baya ta zama Kwalejin Janar Murtala Muhammed, ba don fitar da masana kimiyya aka kafa ta ba. Bukatar Turawa ita ce malaman ofis da ma’aikatan En’e. Abin da ya yi kama da ilmin halittu a wancan zamani bai wuce darasin tsabta da aikin lambu da sanin sunayen tsirrai ba. Kafuwar Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952 ta sa bayoloji ya tsaya da ƙafarsa a sakandare, sai dai manhajar ’yar Ingila ce da aka yi wa kwaskwarima, ƙarfinta kuwa yana kan zane da haddar sassan jiki.

Canji na haƙiƙa daga waje ya taso. Bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta sake tsarin koyar da kimiyya, aka mayar da batun sauyawar halittu da bincike da hannu su zama ginshiƙan darasin bayoloji. Wannan guguwa ta iso Nijeriya ta hannun Ƙungiyar Malaman Kimiyya, wadda ita ma a 1957 aka kafa ta, da cibiyar nazarin manhaja ta Jami’ar Legas. Taron manhaja na 1969 da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 suka haifi tsarin 6-3-3-4. A daidai wannan lokaci Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, ga kwalejin horar da malamai ta tarayya tun 1974, ga jami’ar fasaha a 1981. A takarda, an gama komai.

A aikace kuwa, wanda duk aiki ya kawo shi garin nan daga ƙasar Hausa, kamar ni, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne arzikin da ke bayan katangar makaranta ba a taɓa shi ba. Ga Binuwai da fadamunsa, ga Tafkin Geriyo da noman rani, ga Tafkin Njuwa mai tarihin bikin kamun kifi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, yanayin cikowa da janyewar kogin ya sauya, ambaliyar 2012 da ta 2022 kuwa ba sai an ba ɗalibin Jimeta labarinsu ba. Duk da haka sau da yawa a kan allo yake koyon wane ke cin wane a cikin ruwa, alhali masuncin da ke sayar wa mahaifiyarsa tarwaɗa ya san amsar tun yana yaro.

Batun sauyawar halittu ya fi sarƙaƙiya. Manhaja ta jefa shi can ƙarshen aji uku na babbar sakandare, lokacin da hankali ya koma kan jarrabawa, don haka akan taƙaita shi ga sunayen Lamarck da Darwin da shekarar 1859. Wasu malamai kuma sukan yi masa tsallake, gudun a ce sun taɓa aƙida, a gari mai Musulmi da Kirista da kowannensu ke riƙe da nassinsa. A ganina, hasarar a nan babba ce, domin hujjojin suna gida. Duwatsun farar ƙasa na yankin Guyuk suna ɗauke da ɓurɓushin halittun teku, daga zamanin da teku ya malale kwarin Binuwai kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon sikila ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, binciken da aka yi a Garki, cikin tsohuwar Jihar Kano, a shekarun 1970 kuma ya ƙarfafa wannan: masu wannan gado sun fi yawa cikin yaran da suka haura shekara 5 fiye da cikin jarirai. Haka nan ƙwayar cutar ta daina jin maganin kulorokwin, har Nijeriya ta sauya magani a 2005. Ɗalibar da ba ta fahimci wannan ba, gobe in ta zama ma’aikaciyar asibiti, da me za ta bayyana wa majiyyaci dalilin shanye magani har ƙarshe?

Tsara gwaji shi ne maraya. Ana ɗora laifin kan rashin kayan aiki, kuma da gaskiya a ciki, amma gwajin tsirar iri bai bukaci fiye da wake da gwangwani biyu ba: a ba ɗaya ruwa, a hana ɗayan, a bar sauran abubuwa daidai, a maimaita. Abin da ya fi yin tasiri shi ne salon jarrabawa. Muddin zana ƙwaro da sa wa sassansa suna ya fi kawo maki, malami zai jira takardar da ke ɗauke da jerin samfuran bana, ya tura yara neman fara da ƙadangare mako biyu kafin ranar.