Korar da ba ta bi ta gaban alƙali ba

Mu da ke aikin taimakon shari'a a Arlit, tambayarmu ta farko ga wanda aka koro daga Aljeriya ita ce: “Malam, ina takardar korarka?” Sai ya buɗe hannu. An kama shi a wurin gini, an karɓe waya da ɗan abin da ya tara, an loda shi a mota zuwa Tamanrasset, sannan aka sauke shi a Point Zéro da ke bakin iyaka, ya taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. Ba wanda ya miƙa masa ko fallen takarda.

Wannan takarda kuwa ita ce komai. Dokar Aljeriya mai lamba 08-11 ta 2008 ta bai wa baƙon da minista ya yanke wa kora kwana 5 ya kai ƙara gaban alƙalin gaggawa, kuma da zarar ya shigar, sai a dakatar da korar. Amma lissafin kwanakin yana farawa ne daga ranar da aka sanar da shi a hukumance. Wanda ba a rubuta wa komai ba, me zai kai wa alƙali? Kuma ta ina zai koma ya kai?

Dā can Arlit garin ma'aikatan kamfanonin haƙar uranium Somaïr da Cominak ne, matafiya na ratsawa ba mai kula su. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da garin, galibi mata da yara daga yankin Kantche. Daga nan komai ya sauya. A ƙarshen 2014 aka soma kwaso ’yan Nijar daga Aljeriya bisa fahimtar gwamnatocin biyu, ba da jimawa ba ’yan Mali da Gini da sauransu suka shiga cikin lodin. A 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure. Kotunanmu suka cika da shari'un direbobi, aka ɗaure su, aka ƙwace motocinsu. Har yau abin na ci mini rai: mun ƙware a shari'ar wanda ya ɗauki fasinja, shari'ar fasinjan da aka yasar a daji kuwa ba ta da ko rajista. Janar Tiani ya soke dokar a Nuwamban 2023, kora dai ba ta tsaya ba.

Nakan ba matasan lauyoyi labarin Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno. A 1980 gwamnatin Shagari ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta rushe korar, ta ba shi diyya. Sai dai shi yana da jam'iyya da lauyoyi da suna.

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta haramta korar baƙi jumla, hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ma ta kama Zambiya da laifi kan mutanen Afirka ta Yamma 517 da ta kora a 1992. Shi ya sa muke rubuta sunan kowa, da ranar da aka kama shi, da garin, da abin da aka ƙwace masa, tun kafin motar hukumar ƙaura ta duniya (OIM) ta wuce da shi Agadez.