Darasin Haruna Dula: a kori antirenar ko a ba shi lokaci?



Duk sa'ad da ekip ta sha kashi sau biyu ko ukku a jere, magana guda ke tashi a fada wajen shan shayi: a kori antirenar! Kafin mu yanke hukunci, mu waiwayi tarihin Mena, ekip ɗinmu ta ƙasa, don ta ɗanɗana haƙuri, ta ɗanɗana gaggawa.

A 2009 anka ba Haruna Dula Gabde jagorancin Mena. Da anka fara wasannin neman shiga CAN 2012, an haɗa mu rukuni guda da Masar mai riƙe da kofi, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Wasan farko, Afirka ta Kudu ta ci mu 2 da 0. Ba a taɓa Dula ba. Wata guda bayan haka, ran 10 ga Oktoba 2010, a filin Seyni Kunce na Yamai, Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo guda a ragar Masar, munka ci 1 da 0. Saliyo da Afirka ta Kudu ma sun faɗi a Yamai. Da maki 9 Nijar ta samu shiga CAN karo na farko a tarihinta, kuma hukumar CAF ta zaɓi Dula gwarzon mai horarwa na Afirka na 2011.

To, sai gaggawa ta shigo. Gab da gasar, hukumar FENIFOOT ta kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Da Gabon mai masaukin baƙi ta ci mu 2 da 0 a wasan farko cikin Janairu 2012, sai anka maida Dula gefe, Courbis ya karɓi ragama. Me ya biyo baya? Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko ta ci mu 1 da 0, munka dawo gida ba maki ko guda. Cikin watan Yuni na shekarar Courbis ya aje aiki ya tafi.

Gaskiya ita ce Bajamushe Gernot Rohr, wanda ya zo daga baya, ya kai mu CAN 2013, amma galibi da yaran da Dula ya gina. Kuma da anka sake ba Dula amana, shi ya kai Mena ta ƴan wasan gida kusa da na ƙarshe a gasar CHAN ta Aljeriya a farkon 2023, bayan ya fidda Kamaru da Gana.

Wani zai ce: ai Kodebuwa ta kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar CAN cikin Janairu 2024, kuma ta ɗauki kofi. Haka ne. Amma ku duba wa anka ba aikin: Emerse Faé, mataimakin Gasset, wanda ya san ƴan wasan ciki da bai. Sannan Gasset ya riga ya yi sama da shekara guda da rabi bisa aiki kafin Gini Ikwatoriya ta yi masu 4 da 0 a Abijan. An gan shi, an auna shi. Senegal kuwa ta yi haƙuri da Aliou Cissé tun 2015, ya rasa wasan ƙarshe a 2019, aka bar shi, ya kawo masu kofinsu na farko a 2022.

Mu dawo gida. A garuruwanmu, mai horar da ekip sau da yawa malamin lakwal ne ko tsohon ɗan wasa da ke yi don ƙauna, ba albashi. Ƴan wasa sukan watse da kaka su tafi bida, sai lokacin gasar babban hutu, TGV, ake sake tattaro su. Balo biyu ko ukku, fili duk tsakuwa, kuɗin mota sai an yi karo-karo. Idan anka kori mutum irin wannan saboda wasa biyu, wa zai karɓa? Kuma sau nawa korar ke raba ekip gida biyu, wasu yara su bi shi, unguwa ta rasa duka?

Shawararmu ga shugabannin ekip: tun ranar da kunka ba mutum aiki, ku faɗi wa'adi a gaban kowa, kakar wasa guda cikakkiya aƙalla, ku faɗi abin da kuke jira gare shi, ku ma ku cika naku alkawari na kayan aiki. In wa'adi ya cika, yara ba su ci gaba ba, ko sun daina jin maganarsa, a sallame shi cikin mutunci, a fara duba na kusa da ya san yaran.

Ku fa, a garinku an taɓa korar antirenar ekip ta gyaru, ko kuwa ta watse? Ku rubuto mana, za mu karanta a shirinmu na wasanni. Allah ya bar zumunci.