Jim Brown: gwarzon ƙwallon Amurka da ya bar fili yana kan ganiyarsa

Jim Brown, wanda cikakken sunansa James Nathaniel Brown, ɗan wasan ƙwallon Amurka ne baƙar fata da ya taka leda a ƙungiyar Cleveland Browns daga 1957 zuwa 1965. Masana da dama na kallonsa a matsayin mai gudu da ƙwallo mafi shahara a tarihin gasar NFL. Ana kuma tuna shi da yadda ya ajiye wasa da kansa yana da shekara 30, lokacin da babu wanda ya kai shi.

Wane irin wasa ne?

Ƙwallon Amurka ba ita ce tamaula da aka saba gani a filayen Malanville ko Gaya ba. Ta fi kama da zari-ruga. 'Yan wasa 11 ne a kowane ɓangare, tsawon filin kuma yadi 100 ne tsakanin layukan cin maki biyu. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta bayan layin ƙarshe ya ci maki shida.

Aikin Brown shi ne ya karɓi ƙwallo ya rungume, ya ratsa ƙattan da ke neman kayar da shi. Aiki ne mai buƙatar gudu da ƙarfin ɗan kokowa a lokaci guda. Tsayinsa ya kai mita 1.88, nauyinsa kuma kusan kilo 105.

Tasowarsa

An haife shi ranar 17 ga Fabrairu 1936 a tsibirin St. Simons da ke jihar Jojiya, a zamanin da dokokin wariyar launin fata ke aiki a kudancin Amurka. Mahaifinsa ɗan dambe ne, mahaifiyarsa kuma aikatau take yi. Yana ɗan shekara takwas ya koma wurinta a garin Manhasset na jihar New York. A jami'ar Syracuse ya yi fice a wasanni da dama, har da ƙwallon kwando da guje-guje. A 1956 ya ci maki 43 shi kaɗai a karawa da jami'ar Colgate.

Shekara tara a Cleveland

Cleveland ta ɗauke shi a 1957, shekara 11 kacal bayan da aka sake buɗe wa baƙar fata ƙofar manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka. A kakarsa ta farko aka zaɓe shi gwarzon gasar, aka sake zaɓensa a 1958 da 1965. Cikin kaka tara da ya buga, sau takwas yana fin kowa nisan gudu da ƙwallo. A 1963 ya yi yadi 1,863 a wasa 14. A 1964 ƙungiyarsa ta lallasa Baltimore Colts da ci 27 da nema, ta ɗauki kofi.

Jimilla ya yi yadi 12,312, wato fiye da kilomita 11, kowane taki cikin turereniya da karo. Ya buga wasa 118 ba tare da ya yi fashin ko ɗaya ba. An san shi da wata dabara: duk lokacin da aka kayar da shi, sai ya tashi a hankali ya koma wurinsa, ko ya ji ciwo ko bai ji ba, don kada abokan karawa su gane lagonsa. Sai a 1984 Walter Payton ya zarce adadin da ya kafa.

Dalilin ajiye wasa

A 1966 Brown yana Ingila ana ɗaukar fim ɗin The Dirty Dozen. Aikin ya ja lokaci, har ranar fara atisaye ta ƙarato. Mai ƙungiyar, Art Modell, ya yi barazanar cin tararsa muddin bai dawo ba. Maimakon ya ba da haƙuri, a watan Yuli Brown ya sanar cewa ya bar wasa ke nan. Bai sake komawa fili ba. Ya ci gaba da fitowa a finafinai, ciki har da 100 Rifles na 1969.

Gwagwarmaya

Ranar 4 ga Yuni 1967 ya tara fitattun 'yan wasa baƙar fata a Cleveland, ciki har da Bill Russell da Lew Alcindor, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Sun saurari Muhammad Ali, wanda aka ƙwace wa kambun dambe saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, sannan suka fito fili suka mara masa baya. Brown ya kuma kafa ƙungiyar tallafa wa baƙar fata su kafa sana'o'in kansu. A 1988 ya kafa Amer-I-Can, mai aiki da fursunoni da matasan da suka faɗa daba.

Tabon da ya bi sunansa

An sha kama shi bisa zargin cin zarafi, galibi na mata, kodayake yawancin ƙararrakin ba su kai ga hukunci ba. A 1999 kotu ta same shi da laifin farfasa motar matarsa. Ya ƙi bin sharuɗɗan da alƙali ya gindaya masa, don haka ya yi 'yan watanni a gidan yari a 2002. Wannan ne ya sa har yau ra'ayi ya rabu a kansa, ko a tsakanin masu yaba bajintarsa.

An saka sunansa cikin jerin gwarazan ƙwallon Amurka a 1971. Ya rasu a birnin Los Angeles ranar 18 ga Mayu 2023, yana da shekara 87.